Abin da Ba a Raba Ba

Ranar rabon gadon Baba, a zaurenmu na Kamba,
Malam Barmo ya shimfiɗa buzu, ya jiƙa alƙalami.
Gonar fadama ta faɗa wa Yaya Nomau,
rumfar gishiri ta bakin kasuwa ta zo hannuna,
Hantsi ta ja tumaki biyu da tsohon rediyo.
Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.
Ba wanda ya ce a ƙaro takarda
a rubuta abin da ya bar mana cikin jini.

Kakanmu Jatau da jakuna yake tahowa daga Foga,
gishiri a hagu, gishiri a dama, shi a baya da sanda.
Wata Laraba yana ɗaure kaya ya zube,
baki ya karkace, hannun dama ya ƙi shi.
Aka ce sawun iska ya taka a hanyar dare.
An yi hayaƙi, an sha rubutu.
Bai ƙara kiran sunan kowa ba har ya cika da rani.

Gwaggo Ige ciwon kai ne nata.
Ta ɗaure goshi tam da ɗankwali, ta ce rana ce.
Taɓarya na sama ta sake ta.
Sai Baba, sahun gaba, raka'a ta biyu ta Asuba:
liman ya ɗago, shi bai ɗago ba.
Muka ce kwana ya ƙare. Haka ne, ya ƙare.
Ashe da saura a bayani.

Ni haƙori ya kai ni asibiti.
Wata ma'aikaciya ta naɗe mini damtse, ta yi ta matsa 'yar roba,
ta dubi allura, ta dube ni, ta sake matsawa.
"Ɗari da saba'in bisa ɗari. Wa ke da shi a gidanku?"
Na yi dariya. Ba ni da tumbi, ba a bi na bashi,
shekarata arba'in da ɗaya, buhu nake ɗauka ni kaɗai.
Ta ce, "Hawan jini ba ya tambayar tumbi.
Akwai gidajen da ƙodarsu ke riƙe gishiri
kamar marowaci da kuɗin adashi.
Iri ka gada, ba hukunci ba.
Ruwan da za ka ba shi, wannan kuma naka ne."
Na fito da haƙorina a baki, na manta da shi,
ina ƙirga matattu da yatsu, har na zo kan wani.

Yanzu mai rumfar gishiri lami yake ci.
Maƙwabta na dariya, ni ma nakan taya su.
Dije ta rage dunƙule a miya, ta ƙara daddawa kaɗan da yaji,
ta ajiye ƙwayar safe kusa da buta don kada in ce na manta.
Ina auna wa mutane mudu-mudu
abin da aka hana ni ko ƙanƙani.

Na je wa Nomau da maganar, yana kan banruwa.
"Mi za a auna? Lahiyata lau."
Na ga jijiyar nan ta gefen goshinsa tana harbawa,
irin ta Baba sak.
Hantsi ce ta ji, don cikinta na biyar ya kumbura mata ƙafafu.
Tare muke zuwa duk wata, muna zama a benci ɗaya
kamar yara masu jiran hukunci,
sai a naɗe nata, a naɗe nawa, a ba mu magani.

Ɗiyata Ladiyo ta ɗauko wushiryar Baba,
da kunnuwansa, da yadda yake karkata kai in zai yi musu.
Jiya ta yi barci a cinyata,
na ɗora yatsa biyu a wuyan hannunta.
Yana bugawa a hankali, kamar ɗigon indararo bayan ruwa.

A bayan littafin masu cin bashi na buɗe shafi.
Na rubuta: Jatau. Ige. Baba.
Na ja layi, na sa Hantsi, na sa ni.
Wannan takardar za su samu tare da makullin rumfa,
su dai su gada da sani.